Mayar da hoto 300 DPI ba ya ƙara masa kyau

A shagunan buga hoto a Jos an daɗe ana cewa hoto mai 72 DPI dishi-dishi ne, da an mayar da shi 300 sai ya fito tas. Maganar tana da tushe, domin wajen bugawa 300 ɗin ake so. Sai dai lambar DPI tana nuna yawan ɗigon da zai zauna a kowane inci na takarda ne kawai, ba ta ƙara wa hoton komai.

Yawan fiksel, wato ƙananan ɗigon da suka haɗu suka zama hoton, shi ne abin dubawa. A 300 DPI, hoto mai faɗin fiksel 3000 zai cika inci 10, mai 600 kuwa inci 2 kacal. Buɗe bayanan hoton a wayarka, ka raba faɗinsa da 300, ka ga inci nawa zai cika da idonka.

Don Allah a tura wa 'yan uwa, musamman masu shirin buga hotunan biki.