Magen Lungu da Haƙƙinta a Kanmu

A shekarun da na yi ina aikin malamin dabbobi, shanu da tumaki da awaki da kaji ne aka saba kawo mana, domin su ne dukiya, kuma mai su ya san asarar da zai yi idan suka faɗi. Mage kuwa sai a daɗe ba a ga wanda ya tako da ita asibiti ba. Shi ya sa ban manta da wani yaro ɗan kimanin shekara 12 ba, wanda ya shigo mana da hantsi rungume da kwalin taliya. Da na buɗe kwalin sai na tarar da mage a kwance, gashin bayanta ya saɓule tun daga kafaɗa har gindin wutsiya, an kuma shafe wurin da baƙin mai. Na ce, "Samari, me ya same ta?" Ya ce, "Malam, kifi ta ɗauka a madafin maƙwabtanmu, aka watsa mata tafasasshen ruwa." Shi ne ya shafa mata baƙin man, sannan da ya ji tana ta kuka da daddare ya daka rabin ƙwayar Panadol ya ɗura mata. Fuskarta ta riga ta kumbura, dasashinta ya koma ruwan ƙasa, numfashi kuma sama-sama. Ba ta kai la'asar ba.

Ƙunar da aka yi mata zalunci ne, amma da ita kaɗai ce, akwai kyakkyawan zaton za ta rayu. Ƙwayar ce ta ƙarasa ta. Hantar mage ba ta iya sarrafa farasitamol, sinadarin da ke cikin Panadol, kamar yadda hantar ɗan Adam take yi, saboda haka maganin yakan lalata jininta har ya kasa ɗaukar iskar da take shaƙa, kuma ƙwaya ɗaya ta isa ta kashe babbar mage. Haka nan Dettol da Izal, da kananzir, da baƙin mai, da magungunan feshin ƙwari irin su fiya-fiya, duk guba ne a gare ta. Dalili kuwa shi ne mage dabba ce mai lasar jikinta, duk abin da aka shafa mata a fata, cikinta zai tafi. Hatta wasu magungunan kaska da ƙuma da ake zuba wa karnuka suna sa ta karkarwa da farfaɗiya har ta mutu.

Wanda ya tarar da mage mai rauni, abu na farko shi ne ya kare kansa, domin dabbar da ke cikin azaba ba ta bambanta mai taimako da mai cuta. Kada a kai mata hannu tsirara. A lulluɓe ta da bargo ko buhu mai kauri, a ɗauke ta gaba ɗaya a sa cikin kwalin da aka huda don iska, a ajiye a inuwa inda yara da karnuka ba za su dame ta ba. Idan jini yana zuba, a danne wurin da tsumma mai tsabta na 'yan mintoci ba tare da ana ɗagawa ana leƙawa ba. Idan ƙuna ce sabuwa, a riƙa kwarara ruwa mai sanyi a kai, ba ƙanƙara ba, ba man ja ba, ba toka ba. Ciwon da ya yi datti ana wanke shi da ruwan da aka tafasa ya huce, rabin lita a zuba gishiri ƙaramin cokali ɗaya, sannan a kiyaye shi daga ƙuda, musamman da damina, lokacin da tsutsa ke saurin kama rauni. Karaya kuwa ba ta buƙatar a ja ƙafar ko a yi mata ɗori irin na gida. A ba ta ruwa mai tsabta, a guji nono da madara domin suna sa yawancin maguna gudawa, a kuma garzaya da ita asibitin dabbobi mafi kusa.

Akwai halin da ba a taɓa dabbar kwata-kwata. Mage ko karen da ake gani yana dalalar da miyau, yana tangaɗi, yana kai cizo ga duk abin da ya gifta, ko kuma ya shanye daga ƙugu ba tare da alamar duka ba, ana zargin sa da ciwon haukan kare, kuma ma'aikatan dabbobi ya kamata a kira. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe mutane kusan 59,000 kowace shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan dukkansu daga cizon kare suke kamuwa, sai dai mage ma tana ɗaukarsa. Wanda aka ciza ko aka yakushe, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, ya tafi asibiti a ranar don a duba ko yana buƙatar allura. Jiran alamu ganganci ne, domin da zarar sun bayyana, da wuya ƙwarai a tsira. Ga dabbobin gida kuwa akwai allurar rigakafi, kuma kowace ranar 28 ga Satumba ana gangamin tunatar da jama'a game da ita.

Ba a haifi magen lungu a matsayin marar gata ba, mu ne muka mai da ita haka. Mage tana ɗaukar ciki na kimanin kwana 65, tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara, kuma da 'ya'yan sun yi wa gida yawa sai a zuba su a buhu a kai bola ko bayan kasuwa. Waɗanda suka tsira su ne ke girma da yunwa suna satar kifi da 'yan tsaki, yara kuma suna bin su da danƙo da duwatsu, manya suna kallo. Ga kuma camfin da ke cewa baƙar mage mayya ce ko aljana, wanda ya sa ake kashe da yawa ba tare da sun yi laifin komai ba. Kukan da ake ji da tsakar dare kamar na jariri, wanda ke tayar wa mutane hankali, kukan barbara ne ko faɗan muzurai kawai.

Addinin da mafi yawanmu ke bi bai bar wannan batu a duhu ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci da kanta ba. A Muwaɗɗa ta Imam Malik akwai hadisin Abu Ƙatada da ya nuna cewa mage ba najasa ba ce, tana cikin masu kai da kawo a tsakaninmu. Dokar hukunta laifuffuka ta Final Kod (Penal Code) da ke aiki a jihohin Arewa ita ma ta sanya azabtar da dabba cikin laifuffuka, ko da yake ban taɓa ganin an kai wani ƙara saboda mage ba.

Ko don lafiyarmu ma, korar mage daga unguwa ba dabara ba ce. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a shekarar 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno, ɓera ne ke yaɗa shi ta fitsari da kashin da yake bari a kan abinci, kuma ajiye mage a gida yana cikin matakan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ambata, tare da rufe hatsi da nisanta shara daga gida. Abin takaici shi ne shinkafar ɓera da ake barbaɗawa a kowane saƙo takan kashe magen da ta ci ɓeran da ya ci gubar, ga haɗarin da take jawo wa kaji da yara masu rarrafe.

Gidan da ba ya son mage ba dole ba ne ya riƙe ta. Ya isa a rufe tukunya, a killace 'yan tsaki a akurki, a kore ta da tafi ko yayyafin ruwan sanyi. Wanda tasa ke yawan haihuwa ya tambayi likitan dabbobi game da aikin hana haihuwa da fiɗiyar muzuru. Idan kuma an ga jariran mage a kango ko bayan rumbu, kada a yi saurin kwashe su, domin sau da yawa uwar ta fita neman abinci ne, za ta dawo, kuma sai sun kai kimanin mako 8 ne ya dace a raba su da ita a ba masu so.