Hafsoshin Sojan Turkiyya da Addini: Tambayoyi da Amsoshi

Shin gaskiya ne hafsoshin sojan Turkiyya ba sa ga maciji da addini?

Wannan magana ta yi gajarta. Tun da Mustafa Kamal Ataturk, wanda shi kansa hafsa ne, ya kafa jamhuriya a 1923, aka kuma soke halifanci a 1924, manyan hafsoshi suka ɗauki kansu masu gadin tsarin raba addini da mulki. Sai dai abin da ya fi tsone musu ido shi ne addinin da ya fita daga hannun hukuma. Gwamnatin Janar Kenan Evren, wadda ta ƙwace mulki a 1980, ita ce ta wajabta darasin addini a makarantu cikin kundin tsarin mulkin 1982, saboda a lokacin masu ra'ayin gurguzu take tsoro.

Ta yaya wannan ya taɓa rayuwar hafsa?

Ya shiga har cikin gidansa. A da, hafsan da matarsa ke lulluɓe kanta yakan zama abin zargi, kuma Majalisar Ƙoli ta Soja ta sha korar hafsoshi bisa tuhumar tsananin addini, ba tare da damar kai ƙara kotu ba. Waɗanda suka kammala makarantun horar da limamai kuwa, a wancan lokacin ba a karɓarsu a makarantun hafsoshi. Lamarin ya kai ƙololuwa a ranar 28 ga Fabrairun 1997, lokacin da janar-janar suka gindaya wa Firayim Minista Najmuddin Erbakan, mai ra'ayin siyasar Musulunci, sharuɗɗa, har ya sauka bayan 'yan watanni.

Ƙananan sojoji fa?

Da yawa daga cikinsu matasa ne masu hidimar soja ta dole, kuma da tarbiyyar gidajensu suke shiga bariki.

Me ya sauya a zamanin Shugaba Erdogan?

Bayan yunƙurin juyin mulki na 15 ga Yulin 2016, wanda gwamnati ta ɗora wa mabiya malamin addinin nan Fethullah Gulen, an rufe makarantun soja, aka mayar da horar da hafsoshi ƙarƙashin sabuwar Jami'ar Tsaro ta Ƙasa. A 2017 aka halatta wa mata hafsoshi lulluɓi. Duk da haka tsohuwar aƙida ba ta mutu ba, domin a bikin yaye ɗalibai na Agustan 2024 wasu sababbin laftanoni sun zare takubba suna kiran kansu sojojin Mustafa Kamal, kuma a farkon 2025 aka kori biyar daga cikinsu.