Daga manɗiƙin zaure zuwa Prolog

Jiya a Agege bayan la'asar ƙanena yana ta fama da laftof, wai aikin makaranta aka ba su na Prolog, wani yaren ba kwamfuta umarni, yana cewa Yaya wannan abu ba kai ba gindi. Na leƙa, layi uku ne fa: Musa uban Sani ne, Sani uban Ali ne, uban ubanka kakanka ne. Ka tambayi kwamfuta waye kakan Ali ta ce Musa. Na ce kai ai manɗiƙi ne wannan, ilimin ciro hukunci daga abin da aka riga aka sani.

Aristotal ne ya fara tsara shi a ƙasar Girka, Larabawa suka fassara, Farabi ya yi masa sharhi har ake ce masa malami na biyu bayan Aristotal. Shi kansa Shehu Maghili da ya zauna Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa sai da suka yi ja-in-ja da Suyuɗi a kai, Suyuɗi na cewa haramun ne shi kuma yana kare shi da baitoci, to ka ga ba baƙon abu ba ne a wajenmu.

Inda labarin ya juya shi ne 1854 da George Boole ya mai da gaskiya da ƙarya lissafi, 1 da 0. Sai 1937 Claude Shannon yana ɗalibi a jami'ar MIT ta Amurka ya nuna ai makunnin lantarki ma haka yake, a kunne ko a kashe, duk wayar da ake kwancewa a Computer Village ta Ikeja a kan wannan take tafiya. A 1965 Alan Robinson ya fito da dabarar da inji zai riƙa ciro hukunci da kansa, 1972 kuma Alain Colmerauer da Philippe Roussel suka haɗa Prolog a Marsel ta Faransa, kai dai ka faɗi abin da ka sani ita ta nemo amsa.

Japan ta zuba kuɗi a kan irin wannan tsari na Prolog daga 1982, shekara goma abin bai kai inda aka so ba. Ni dai a ganina bai mutu ba, SQL, yaren tambayar rumbun bayanai da masu rubuta manhaja a Yaba ta Legas ke ci da shi, daga manɗiƙi Edgar Codd ya ɗauko tushensa a 1970.

Matsalar ƙanen nawa kuwa, wata doka ya ƙara ta gano zuriyar mutum, tana fara kiran kanta kafin ta duba uba, injin ya yi ta zagaye har fanka na kuka. Muka juya jerin, ta amsa nan take.