Hawa keke a gefen babbar hanya a hunturun Alberta: tambayoyi da amsoshi

A birnin Calgary na lardin Alberta a Kanada akwai 'yan uwanmu ɗalibai da ma'aikata waɗanda keke ne abin hawansu. Da rani babu matsala. Amma daga watan Nuwamba zuwa Afrilu, gefen kwaltar da suka saba bi yakan zama wani abu dabam, kuma raina yana ɓaci idan na ga sabon zuwa ya fita a kai bai san abin da ke jiransa ba.

Ai ana share hanya. Me ya sa gefenta ke lalacewa?

Motar ture dusar ƙanƙara aikinta ta buɗe wa motoci hanya. Duk abin da ta kwaso daga tsakiya, a gefen kwalta take jibge shi, daidai inda mai keke yake bi. Kuma ba dusar kaɗai take turowa ba. A ciki akwai fasassun kwalabe, ɓaraguzan fitilun mota, kusoshi, da siraran wayoyin ƙarfe daga tayar tirelar da ta fashe. Dusa ta rufe su, ba ka ganin komai sai ta narke.

Tsakuwar da ta cika gefen hanya fa, daga ina take?

Da gangan ake zuba ta. Gishirin da ake watsa wa hanya ƙarfinsa yana raguwa sosai idan sanyi ya kai wajen digiri 10 ƙasa da sifili, sai a koma ga tsakuwa haɗe da gishiri don taya ta samu abin kamawa. Tayoyin motoci kuma su yi ta watso ta gefe. A cikin gari sai watan Afrilu ake fara babbar shara, manyan hanyoyin wajen gari kuwa na lardi ne, lissafinsu dabam. Saboda haka ko dusa ta tafi, tsakuwar tana nan, kuma a kan kwana tana iya zame tayar gaba kamar an ja maka tabarma.

Wace rana ce ta fi haɗari?

A ganina washegarin ranar ɗumi. Calgary tana da wata iska mai ɗumi da ke gangarowa daga duwatsun Rocky, ana kiranta chinook, wadda kan ɗaga zafi da digiri 10 ko fiye cikin 'yan sa'o'i. Tarin dusar gefen hanya ya narke, ruwan ya malalo kan kwalta, da dare sanyi ya dawo ya daskarar da shi. Da safe za ka ga kwalta baƙa tana ɗan ƙyalli, ka ɗauka jiƙa ce kawai, alhali ƙanƙara ce siririya mai santsin tsiya. Gada ta fi saurin daskarewa, domin iska na bi ta sama da ƙasanta. Idan ka taka irin wannan wuri, kada ka damƙe birkin gaba, kada ka juya kan keke, ka bar shi ya wuce a miƙe. Faɗuwa a unguwa ciwon gwiwa ne. Faɗuwa a gefen hanyar Trans-Canada, inda tirela ke wucewa da gudun kilomita 110 a sa'a, rai ne. A irin wannan safiya, don Allah a ajiye keke a hau bas.

Taya mai kusoshi tana magance matsalar?

A kan ƙanƙara tana taimakawa ƙwarai. Irin su Schwalbe Marathon Winter suna da ƙananan kusoshi masu ƙarfi da ke cizon ƙanƙara. Idan kuɗin ɗaya kawai gare ka, sa ta a gaba, ka kuma ɗan rage iska. Amma a cikin dusa mai laushi da motoci suka dama, ko a kan tarin tsakuwa, kusoshin ba su da abin kamawa.

Idan taya ta yi faci fa?

A nan babu mai faci a gindin bishiya. Kai ne da yatsunka, ka cire safar hannu cikin sanyi, kafin minti biyar sun ƙage, gam ɗin faci kuma ba ya kamawa da kyau. Riƙe sabon tiyub biyu da famfo. Kafin ka sa sabon, bi cikin tayar da yatsa a hankali, domin wayar tirelar nan siririya ce kamar gashi, idan ka bar ta a ciki za ta sake huda maka.

Fitila dole ce?

Dole ce a dokar Alberta idan dare ya yi: ta gaba, da ja a baya. A watan Disamba kuwa rana na faɗuwa wajen ƙarfe 4:30, lokacin da mutane ke tashi daga aiki.

Me gishiri ke yi wa keke?

Tsatsa. Idan ka dawo gida ka goge sarƙa da tsumma, ka ɗiga mata mai, ka duba robar birki, domin yashi na cinye ta da wuri.