Waiwaye: Yadda Barasar Armeniya Ta Shiga Rikicin Suna

A Yerevan, babban birnin Armeniya, da wuya ka ji wani ya kira barasar inabi mai ƙarfi da ake haɗawa a ƙasar da suna "brandi". "Konyak" suke cewa, kuma wannan sunan ne Tarayyar Turai ta ce a ajiye, domin Cognac gari ne a Faransa, doka ta keɓe sunan ga barasar yankin kaɗai.

Maganar ta faro ne a 1887, lokacin da wani attajiri, Nerses Tairyan, ya soma haɗa wannan barasa a tsohuwar ganuwar Yerevan, da dabarar da aka koyo daga Faransawa. Ana matse farin inabin kwarin Ararat, irin su Voskehat da Kangun, a bar ruwan ya tsima. Sai a dafa shi sau biyu a tukunyar jan ƙarfe, a tara tururin, a zuba a gangunan katako. A nan ne aikin haƙuri yake: shekara 3, shekara 5, wata har 20, kamar wadda ake kira Nairi. Katakon ne ke ba ta launi da ƙamshi, kowace shekara kuma wani kaso na bin iska.

Tairyan bai samu kasuwa yadda ya so ba. A 1899 masana'antar ta koma hannun gidan Shustov na Mosko, su kuwa sun san talla, suka kai ta har fadar sarkin Rasha.

Bayan 1920 gwamnatin Sobiyet ta ƙwace masana'antar. Masu tsara tattalin arziki a Mosko suka raba aiki: Jojiya ta riƙe ruwan inabi, Armeniya ta riƙe konyak. A ganina nan ne aka yi wa manoman ƙasar illa. Ƙasar da a kogon Areni aka tono matsar inabi mai shekara kusan 6,100, sai ga gonakinta sun karkata ga ciyar da sana'a ɗaya, mai saye ɗaya. Labarin da ake yawan bayarwa cewa shugaban Sobiyet Stalin ya shayar da firaministan Birtaniya Churchill konyak mai suna Dvin a taron Yalta na 1945 ya ƙara mata kwarjini.

A 1998 kamfanin Faransa Pernod Ricard ya sayi masana'antar da ke haɗa konyak mai suna ARARAT a kan dala miliyan 30, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce sosai a ƙasar.

Yarjejeniyar da Armeniya ta sa wa hannu da Tarayyar Turai a 2017 ta tanadi a daina amfani da sunan "konyak" sannu a hankali, Turai kuma ta yi alkawarin yuro miliyan 3 don a kafa sabon suna. Sai dai mafi yawan abin da ake fitarwa Rasha yake tafiya, inda mai saye ya saba da "konyak" tun zamanin kakanninsa. In ciniki ya ja baya can, wanda zai fara ji a jika shi ne ƙaramin manomin da ke jiran masana'anta ta yanka wa inabinsa farashi a kowace kaka.