Turancin fanni da nazarin lamari: me ake nufi?

Ɗalibin kimiyya a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana iya cin kwas ɗin Turanci na aji ɗaya da maki mai kyau, amma ranar da aka ce ya rubuta rahoton gwajin da ya yi, sai biro ya cije. Giɓin nan ne ake cikewa da abin da malamai ke kira ESP, wato Turancin fanni: a koya wa mutum Turancin da aikinsa ke bukata. Na likita daban, na injiniya daban.

Shi kuwa nazarin lamari hanya ce ta koyarwa. A ajin lauyoyi na Jami'ar Harvard ta Amurka ta yi suna tun 1870, inda ake ba ɗalibai shari'o'in gaske su tattauna maimakon hadda.

A ce malamar Turancin fanni ta shigo aji a Dundaye, mazaunin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da labarin gubar dalma ta Zamfara ta 2010, lokacin da niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje ya hallaka yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. Ta raba aji rukuni-rukuni. Waɗannan su karanta sakamakon awon jini, waɗancan su rubuta wa hukumar lafiya takarda, wasu su tashi su kare shawararsu da baki. Ba wanda zai tambaya ko darasin na da amfani, don a cikin ajin ma da wuya a rasa ɗan Zamfara.

A nan ne ɗalibi ke gano cewa Turancin kimiyya ba ya rantsuwa. Ya rubuta "ƙura ce ta kashe su", malama ta ja layi: "Ina hujjarka? Ce alamu sun nuna." Ya rubuta "na auna", ta mayar da shi "an auna". Wannan kam bai kamata ya ba Bahaushe wuya ba, mu da kullum muke cewa an ce, an yi.

Matsalar, a ganina, tana wajen malami. Wanda ya karanta adabi, yau ga shi gaban alƙaluman dalma a cikin jini, dole ya sauke girman kai ya nemi abokin aikinsa na sashen kimiyyar sinadarai su tsara darasin tare. Ga kuma yawan ɗalibai: ajin da wasu ke leƙe ta taga, raba shi rukuni kaɗai ya isa ya cinye rabin lacca.