Ƙaramar motar lantarki a titin Katsina: abin da doka ta ce

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, babur mai caji ya daina zama abin kallo a Katsina. Keke Napep mai batir ma ta fara leƙowa, a waya kuma sai a yi ta turo maka bidiyon wata 'yar ficiciyar mota mai kujera biyu, ana cewa ita ce motar biranen gobe. Tare da su wata magana ta shigo gari: wai tunda abin ba ya shan mai, ba ya hayaƙi, ba ya ƙara, to ba ruwansa da lamba ko lasisi. Wannan magana ba ta da gindin zama a doka, kuma wanda ya dogara da ita yana iya komawa gida a ƙafa, abin hawansa ya kwana a hannun hukuma.

Dokokin hanya na Nijeriya ba sa tambayar me abin hawa yake sha. Abin da suke kira mota shi ne duk abin hawan da ƙarfin na'ura ke turawa, wanda aka ƙera ko aka gyara don ya bi titi. Fetur ne, gas ne, batir ne, duk ɗaya. Da wannan ma'ana dokar da ta kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta 2007 da ƙa'idojin zirga-zirga na 2012 suke aiki. Saboda haka jami'in KASSAROTA, hukumar kula da zirga-zirga ta jihar Katsina, ko na VIO, masu duba lafiyar abin hawa, da ya tsayar da kai a shataletalen Ƙofar Ƙaura bai wuce gona da iri ba don ya nemi takardun motar da ba ta da tankin mai.

Ruɗanin daga waje ya samo asali. Kamfanonin motoci sun daɗe suna gwada irin waɗannan ƙananan abubuwan hawa. A 2010 General Motors ya nuna wata mai taya biyu da kujera biyu, EN-V, a baje kolin duniya na Shanghai. Toyota ya gwada i-Road mai taya uku a birnin Grenoble na Faransa daga 2014, mutane suna haya suna ajiyewa, aka yi shekara uku aka rufe gwajin. Wadda ta tsallake gwaji ta shiga kasuwa sosai ita ce Citroën Ami, wadda ta fito a 2020 kuma a Kenitra ta ƙasar Maroko ake haɗa ta. Gudunta ba ya wuce kilomita 45 a awa, caji ɗaya yana kai ta kimanin kilomita 75, wato daga Katsina ba lallai ta ga ƙofar Daura ba. A Faransa ɗan shekara 14 yana iya tuƙa ta da ƙaramin izini irin na babur, domin Tarayyar Turai ta ware wa irinta aji na musamman, mai iyakar nauyi da iyakar gudu. Masu turo bidiyon suna faɗin shekara 14 ɗin, ba sa faɗin cewa dokar wata ƙasa ce. A jerin ajin lasisinmu babu wannan aji. Mai taya biyu ko uku yana ƙarƙashin ajin A, ƙaramar mota ta gida tana ajin B, kuma ba a bai wa wanda bai kai shekara 18 ba ko ɗaya daga ciki. Uban da ya saya wa ɗansa na sakandare irin wannan mota ya sake shi a titin IBB, shi da yaron duk sun taka doka.

Rajista kuwa hanyarta ita ce wadda kowa ya sani. Ana yin ta a ofishin lasisin motoci na hukumar tara kuɗin shiga ta jiha, a duba takardar kwastam da rasidin saye da lambar shasi, VIO su tabbatar da lafiyar abin hawan, sannan a ba da lamba, KTN ko DRA ko ta duk ƙaramar hukumar da aka yi rajistar. Rubutu shuɗi na gida ne, ja na haya. Wanda ya ɗauki shuɗiyar lamba ya shiga lodin fasinja daga Ƙofar Soro zuwa Batagarawa ya yi laifi, ko da rana ce ta caja masa batirin. Mai babur na caji shi ma hular kwano tana kansa. Haka nan duk lokacin da gwamnatin jiha ta taƙaita zirga-zirgar babura ko yawan fasinjan Napep, kamar yadda aka yi a dokar tsaro ta 2021 zamanin Aminu Bello Masari, mai batir ba shi da wata ƙofar baya.

Inda na fi ganin sakaci shi ne inshora. Tun 1945 doka ta wajabta wa duk mai mota inshorar da za ta biya wanda ya buge ko ya yi wa ɓarna. Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da harkar inshora ta ƙasa, NAICOM, ta sa farashin a naira 15,000 a shekara ga motar gida, 5,000 ga Keke Napep, 3,000 ga babur. Abin da kamfanin inshora zai iya biya na ɓarnar dukiya ya kai naira miliyan 3 ga mota, miliyan 2 ga Napep, miliyan 1 ga babur. 'Yan sanda sun fara kame a kan wannan takarda a faɗin ƙasa daga 1 ga Fabrairun 2025. A wurin motar lantarki wannan ba cika sharaɗi kawai ba ne. Mu da kunne muke tsallaka titi. Tsohuwar da ke fitowa daga lungu a Unguwar Yari, almajiri da kwanonsa, mai turin kurar ruwa, duk ƙarar inji suke ji su kauce. Abin da ke tahowa shiru a lungun da ba shi da wurin masu tafiya da ƙafa, sai ya iso gwiwar mutum kafin ya waiga. Ranar da hakan ta faru, naira dubu uku ko biyar ɗin da aka ƙi biya ita ce za ta koma tara kuɗi a dangi. A kula kuma da takardar bogi da ake bugawa a bakin ofishin lasisi. Akwai rumbun bayanan kamfanonin inshora, NIID, inda kowa zai sa lambar motarsa ya ga ko inshorar tasa ta shiga.

Mai shirin shigo da irin wannan mota daga waje ya duba sitiyari kafin ya biya. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, kuma ba a yi wa mota mai sitiyarin dama rajista. Ƙananan motocin da ake ƙera wa kasuwar Japan da Ingila sitiyarin dama ne da su.

To, ina gatan da ake cewa gwamnati ta yi wa motar lantarki? Akwai shi, a ɓangaren haraji yake. A Oktoban 2024 ministan kuɗi Wale Edun ya sanar da umarnin da ya cire harajin VAT daga motocin lantarki da sassan da ake shigowa da su don haɗa su a gida, tare da gas na girki da na mota. Sabuwar dokar haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025, wadda ta fara aiki a Janairun 2026, ta bar wannan rangwame. VAT kashi 7.5 cikin ɗari ne, don haka a abin hawan naira miliyan 4, naira 300,000 ke nan da bai kamata dila ya ɗora maka ba. Ka karanta rasidinka. Amma VAT daban, kuɗin fito na kwastam daban. Cire na farko ba ya nufin motar za ta shigo ta Jibiya ko Kongolam ba takarda, kuma ba takardar kwastam ba rajista.

Wanda dokar ta fi matsa wa, a ganina, shi ne mai ƙera tasa. Arewa ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya zana Chevrolet Volt a Amurka, shi ya jagoranci hukumar ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, lokacin da ta buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 2021. A Maiduguri Mustapha Gajibo ya yi suna da mayar da ƙananan bas-bas zuwa na batir. Ga Jami'ar Sufuri ta Tarayya a Daura, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman. Ɗalibi ko mai walda da ya haɗa 'yar motarsa da ƙarfen gida yana iya zagaya harabar makaranta ko filin garejinsa da ita. Da zarar taya ta taɓa titin jama'a, sai a nemi lambar shasi da shaidar lafiya, abubuwan da tsarin rajista ya ɗauka daga masana'anta za su zo. A nan ake buƙatar a buɗe hanya ta izinin gwaji, a ware tituna da iyakar gudu, domin abin da ke tafiyar kilomita 45 ba shi da abin yi tsakanin tirelolin hanyar Kano. A 2025 Majalisar Dattawa ta fara duba wani ƙudiri kan komawa motocin lantarki, amma ƙudiri ba doka ba ne sai majalisun biyu sun amince shugaban ƙasa ya sa hannu.

Caji a gida halal ne muddin ta mita yake bi. Zagaye mita laifi ne a Dokar Lantarki ta 2023, kuma batirin Napep da ke jan wuta dare guda ba ya ɓuya wa KEDCO kamar cajin waya.

Batirin da ya mutu shi ma yana da doka. A 2024 hukumar kula da muhalli, NESREA, ta fitar da ƙa'idojin batir, waɗanda suka ɗora wa masu ƙerawa da masu shigowa da shi alhakin karɓarsa idan ya gama aiki, suka kuma hana zubar da shi ko fasa shi barkatai. Da yawa daga abubuwan hawa masu arha batirin dalma suke amfani da shi, wanda 'yan gwangwan ke fasawa da gatari su zubar da ruwan a ƙasa. Gubar dalma ba labari ba ce a wurinmu: a 2010 ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara, ko da yake wancan daga dutsen zinare ta fito. Kafin ka ƙirga wa dila kuɗi, ka tambaye shi wane irin batir ne a ciki, wata nawa ne garantinsa, kuma wa zai karɓe shi idan ya mutu. Amsar da ya ba ka, ka sa ya rubuta ta a bayan rasidi ya sa hannu.